Alƙalami a Hannun Baƙo, Amana a Wuyan Wa?

A Amurka har yanzu takardar caki tana da rai. Alƙaluman babban bankin ƙasar sun nuna cewa a shekarar 2021 kaɗai an yi biya da caki sau fiye da biliyan 11. Cikin wannan tulin takardu akwai na mai gyaran famfon alwala, da na malamin Islamiyyar ƙarshen mako, da na mai gidan hayar da wata bazawara ta kasa biya. Ƙananan ƙungiyoyin da ke fitar da su, masallatai da majami'u da makarantu da ƙungiyoyin agaji, da yawansu ba su da akanta nasu na kansu. Hayar kamfanin akantoci suke ɗauka, wanda ke riƙe littattafan ƙungiyoyi masu yawa a lokaci guda, suna biyansa duk wata.

Hanyar da kuɗin ke bi kafin su fita kusan iri ɗaya ce a ko'ina. Mai son a biya wani zai cika fom ɗin neman caki: sunan wanda za a biya, adireshinsa, yawan kuɗin, dalilin biyan, da asusun da za a cire su, na gini ne, ko na makaranta, ko na zakka. Sai ya haɗa da takardar cajin da mai aikin ya kawo, ko rasit idan shi ne ya riga ya kashe daga aljihunsa yana neman a mayar masa. In mai aikin sabo ne, sai ya cika wata takardar haraji da ake kira W-9. Daga nan fom ɗin ya wuce gaban wani mutum dabam da aka ba ikon amincewa, domin ƙa'ida ta farko ita ce mai nema ba ya amince wa kansa. Sannan a aika wa kamfanin, yawanci ta intanet, kafin ranar da aka tsayar. Ma'aikacin kamfanin zai duba ko an taɓa biyan wannan takarda a baya, ko jimillar ta yi daidai, ko akwai isassun kuɗi a asusun, sannan ya shigar a manhaja irin QuickBooks ya buga caki. Ƙungiyoyi da yawa sukan shardanta cewa idan kuɗin suka haura wani adadi, sai mutum biyu sun sa hannu. Wasu har aika wa banki suke yi da jerin lambobin cakin da suka fitar da adadin kowanne, yadda duk wanda ya zo da abin da ba ya cikin jerin, banki zai dakatar da shi. Ƙarshen wata kuma a ɗauko bayanan banki a gwada da littafi, layi bayan layi.

Mutum huɗu ko biyar ke nan a kan biyan da mutum ɗaya zai iya gamawa tsakanin azahar da la'asar.

Duk kwamitin da ya taɓa shigo da irin wannan tsari ya san maganar da ke biyo baya. Akwai dattijon da ya yi shekara da shekaru yana riƙe da kuɗin masallaci, ko sisi bai taɓa yin ciwon kai a hannunsa ba, sai ga shi yau wani sa'an ɗansa yana ce masa, "Baba, a yi haƙuri, sai an kawo rasit." Ransa zai ɓaci, kuma ɓacin ran nasa ba na banza ba ne. Zai ce, "Ashe dama ba ku yarda da ni ba?" Zai tuna musu cewa zato zunubi ne, cewa an hana Musulmi bin diddigin ɗan'uwansa, cewa wanda bai ji tsoron Allah ba takarda ba za ta hana shi komai ba. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne an kwashe littafin an kai wa baƙi a wani gari, mutanen da ba su san liman ba, ba su san ko ina ne alƙibla ba.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan gunaguni tsohuwa ce. Shin rubutu da shaida da sa hannu biyu kishiyar yarda ne? In kuwa ba haka ba ne, idan aka miƙa alƙalami ga na waje, a wuyan wa amanar take kwana?

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, zancenta rubuta bashi ne. Waɗanda umarnin ya fara sauka a kansu su ne sahabbai a Madina, mutanen da ake buga misali da gaskiyarsu, amma hakan bai sa an ɗauke musu rubutun ba, bashin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. An nemi a samu marubuci a tsakani, mutum na uku wanda ba shi ya bayar ba, ba shi ya karɓa ba. Wanda ake bi shi zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma a kare marubucin da shaidun daga cutarwa. Dalilan da ayar ta kawo sun koma ne ga adalci, da ƙarfin shaida, da toshe ƙofar shakka. Ba ta jingina umarnin ga cewa wani ɓarawo ne ba. Mantuwa kaɗai ta isa ta raba 'yan'uwa, mutuwa kuma ta isa ta bar magada cikin rikici.

Malamai sun saɓa a kan ƙarfin umarnin. Mafi yawansu sun tafi a kan mustahabbi ne, suna kafa hujja da ayar da ke biye, wadda ta yi maganar mutanen da suka amince wa juna. Imam Ɗabari da malaman Zahiriyya sun ce wajibi ne. Sai dai akwai abin da ya kamata 'yan kwamiti su lura da shi: mai dukiya ne ke da ikon yafe shaida a kan dukiyarsa. Ma'ajin ƙungiya ba shi da wannan iko, shugaba ma haka, domin kuɗin na waɗanda suka ba da sadaka suka tafi ne, da na mabuƙatan da ba su zo taron ba. Shi ya sa a farkon Suratun Nisa'i aka umarci waliyyin maraya ya kafa shaidu ranar da zai miƙa masa dukiyarsa, alhali sau da yawa waliyyin nan baffansa ne ko yayansa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi lissafi da ma'aikatansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya yi gargaɗi mai zafi, ya nuna cewa da mutumin nan a gidan iyayensa ya zauna da babu wanda zai kai masa kyautar. Kuma shi kansa Annabin bai ɗauki girman matsayinsa a matsayin dalilin barin ƙofar zato a buɗe ba. Wani dare yana i'itikafi, ya fito raka matarsa Safiyya, sai wasu Ansar biyu suka wuce da sauri. Ya tsayar da su ya sanar da su cewa matarsa ce. Mutanen suka ji nauyi, domin wa zai yi masa mummunan zato? Ya bayyana musu cewa ya ji tsoron kada Shaiɗan ya jefa wani abu a zukatansu. Mafi amincin halitta ya ba da bayanin da ba a tambaye shi ba, saboda tausayin masu kallo.

Sauran addinai ma sun iso wannan wuri. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, Bulus ya yi bayanin gudummawar da aka tara wa matalautan Urushalima, ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi rakiyar kuɗin domin kada kowa ya sami abin zargi. Dokokin Yahudawa na Mishna, waɗanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sun ce mutum biyu ke karɓar kuɗin sadakar jama'a, mutum uku ke rabawa.

Akwai kuma wani dalilin da ya shafi zuciyar amintaccen kansa. A 1953 wani masanin laifuka ɗan Amurka, Donald Cressey, ya wallafa bincikensa a kan mutanen da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗi, waɗanda suka karɓi aikin tun farko da kyakkyawar niyya. Ya gano abubuwa uku da ke haɗuwa kafin mutum ya faɗi: wata matsalar kuɗi da yake jin kunyar gaya wa kowa, da damar ɗauka ba tare da an gani ba, da kuma hujjar da zai lallashi kansa da ita. Hujjar da yawansu ita ce aro suka yi, za su mayar. Kwamiti ba ya iya shiga zuciyar ma'ajinsa ya ga bashin asibitin da ke hana shi barci. Abin da ke hannunsa shi ne ƙofar nan ta tsakiya, wato damar ɗauka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'ar da ta bar mutum ɗaya shi ke nema, shi ke amincewa, shi ke sa hannu, shi ke karɓar wasiƙar banki, ta ajiye ɗan'uwanta a bakin rami, kuma tana da nata kason alhakin in ya zame.

Zuwa nan hujja tana tare da masu fom da sa hannu. Amma labarin garin Dixon ya isa ya rage musu alfahari.

Dixon ƙaramin gari ne a jihar Illinois, mai mutane ƙasa da 16,000, inda Ronald Reagan ya yi ƙuruciyarsa. Rita Crundwell ta fara aiki a ofishin hukumar garin tun tana 'yar sakandare, aka naɗa ta ma'aji kuma mai kula da kuɗi a 1983. Kowa ya san ta, kowa ya yarda da ita. A watan Disambar 1990 ta buɗe wani asusun banki a ɓoye da sunan garin, ta riƙa ƙirƙirar takardun caji na ƙarya kamar daga hukumar sufuri ta jihar suke, a kan ayyukan da babu su a ƙasa, tana rubuta caki zuwa wannan asusu. Cikin shekara 22 ta kwashe dala miliyan 53.7, ta tara dawakan gasa kusan 400, yayin da garin ke fama da lalatattun tituna, ana ce wa ma'aikata babu kuɗi. A duk waɗannan shekaru akwai akantoci na waje da ke aiki da littattafan garin, akwai masu bincike da ke sa hannu kan rahoton shekara.

Ba su ne suka gano ta ba. A 2011 ta tafi dogon hutu, sai akawun garin, Kathe Swanson, ta nemi banki ya aiko mata da bayanan dukkan asusun hukumar, ta ga wani da ba ta sani ba. Ta kai wa magajin gari, shi kuma ya kira hukumar FBI. An kama Crundwell a Afrilun 2012, aka yanke mata ɗaurin shekara 19 da wata 7 a 2013. A shekarar ce kuma garin ya yi sulhu da kamfanonin akantocin da bankin a kan dala miliyan 40.

Wannan ba abin da ya faru sau ɗaya ba ne. Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE, a rahotonta na 2024, ta ce kashi 43 cikin 100 na zambar da aka gano a wuraren aiki tsegumi ne ya tona su, kuma fiye da rabin tsegumin daga ma'aikata ya fito. Binciken odita na waje kashi 3 kawai ya gano. Dalilin a fili yake. Akantan waje takarda yake gani. Yana iya tabbatar da cewa takardar mai famfo ta ce dala 800, fom ma ya ce dala 800, sa hannu ya cika. Ko an gyara famfon, ko ma akwai mai famfon a duniya, wannan sai wanda ya yi alwala a wurin. Su kansu kamfanonin sukan rubuta a takardar yarjejeniya cewa aikinsu ba na bankaɗo zamba ba ne, kuma alhakin sahihancin takardun yana kan shugabannin ƙungiya.

A nan ne haɗarin yake, kuma haɗari ne na zuciya kafin ya zama na lissafi. Mai nema ya cika fom yana cewa ai shugaba zai duba. Shugaba ya sa hannu a tsaye, tsakanin taro da taro, yana cewa ai akwai akantoci. Akanta ya buga caki yana cewa ai shugaba ya amince. Mai sa hannu na biyu, saboda zai yi tafiya, ya bar takardun caki biyar da hannunsa a kai babu suna babu adadi. Kowa ya jingina da wani, babu wanda yake tsaye.

Fiƙihun Malikiyya, wanda aka fi karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya daɗe da rarrabe waɗannan nauye-nauye. Asalin hukunci shi ne wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Amma Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ta bambanta hali biyu. Wanda ya ce ya mayar wa mai kaya da abin da ya ba shi ajiya, ana karɓar maganarsa. Wanda kuwa aka umarta ya biya wani mutum na uku, ya ce ya biya, mutumin ya musa, sai ya kawo shaida, in ba haka ba ya biya daga aljihunsa. Hikimar ita ce na ukun nan bai taɓa amince masa ba. Aikin biyan caki duka a wannan hali na biyu yake, don haka rasit garkuwar ma'aji ne kafin ya zama hujja a kansa. Haka nan mazhabar ta ɗora wa masu sana'ar da ke yi wa kowa aiki, irin su tela da marini, lamunin kayan da suka tafi da su shagonsu, saboda maslahar jama'a. Kamfanin da ke riƙe littafin ƙungiyoyi hamsin ya fi kama da waɗannan, kuma daidai ne a tuhume shi in ya yi sakaci a abin da aka ba shi. Sai dai abin da aka wakilta shi a kai shi ne rubutu da lissafi. Sanin cewa wannan biya halal ne, cewa kuɗin zakka sun tafi ga ɗaya daga cikin ɓangarori takwas ɗin da Suratut Tauba ta lissafa ba su koma sayen kafet ba, wannan bai taɓa barin hannun kwamiti ba.

Nauyin ya ƙara girma a kan wuraren ibada na Amurka saboda wani dalili na doka. Yawancin ƙungiyoyin agaji dole ne su miƙa wa hukumar haraji rahoton shekara mai suna fom 990, wanda kowa zai iya karantawa. Majami'u da masallatai an ɗauke musu wannan. Duk bayanin da suka yi wa jama'arsu, da zaɓinsu suka yi shi.

Tsarin yana da wani zalunci nasa na daban, wato jinkiri. Kamfanin da ke buga caki sau ɗaya a mako, ko sau biyu a wata, bai san cewa mai gida ya ba wa bazawarar da ta kasa biyan haya kwana uku ba. Fom ya dawo saboda an manta lambar asusu, mai amincewa ya tafi Umra, ranar bugawa ta wuce. Hadisi ingantacce ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci, wani kuma da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Ƙungiyar da kuɗi ke kwance a asusunta mawadaciya ce, kuma "akantoci ba su fitar ba" ba uzuri ba ne da zai tsaya a gaban Allah. Kwamitocin da suka fahimci haka sukan tanadi hanyar biyan gaggawa mai nata shaidu, su naɗa mataimakin mai amincewa, su kuma gaya wa mai aiki ranar da zai ga kuɗinsa tun kafin ya fara.

Raba hannun karɓa da hannun rubutu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, ya lissafa ma'aikatan da sarki ke buƙata, ya ambaci amintattun da ke karɓa da kashewa, sannan ya ambaci marubuta da masu lissafi a matsayin wasu mutane dabam. Kwamitin masallaci ko ƙungiyar ci gaban gari da a yau ke cewa sai biyu daga cikin shugaba da sakatare da ma'aji sun sa hannu kafin banki ya saki kuɗi, a kan wannan turba yake, ko da caki yake biya ko ta waya. Abin da ke lalata tsarin a Kano shi ne abin da ya lalata shi a Dixon, wato sa hannu ba tare da karantawa ba, da jin nauyin tambayar wanda aka saba da shi.

Shi kuma ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta yana buga cakin mutanen da bai taɓa gani ba, da ma'ajin da aka ce ya kawo rasit, addini bai ɗauke su ƙananan ma'aikata ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa Annabi ya sanya ma'aji Musulmi amintacce cikin masu ladan sadakar da ta bi ta hannunsa, alhali ko kwabo nasa babu a ciki. Sharuɗɗan da aka gindaya masa su ne ya bayar da abin da aka umarce shi, cikakke babu ragi, da daɗin rai, ga wanda aka ce a ba wa. Uku daga cikinsu akwai gurbinsu a fom ɗin neman caki: izini, da adadi, da sunan mai karɓa, kuma kamfani na iya tantance su cikin 'yan mintuna. Daɗin ran kuwa mai karɓa ne ke ganinsa, a yadda aka amsa sallamarsa, da yawan zuwan da ya yi kafin a sallame shi, da kuma ko an sa shi ya faɗi talaucinsa a gaban mutane.